Kujerar Labaran Dare Ko Binciken Ƙwaƙwaf?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 4 ina aiki a wani gidan talabijin mai zaman kansa. Binciken ƙwaƙwaf ne ya jawo ni aikin nan tun farko, amma har yau aikina bai wuce zuwa taron manema labarai da bikin buɗe gini ba. Watanni 3 da suka wuce wata ma'aikaciya a wani rumbun magunguna ta same ni a asirce, ta ce ana goge kwanan watan magungunan da wa'adinsu ya ƙare, a buga sabo, a mayar da su kasuwa. Ta turo mini hotuna 6. Na kai wa editana, ya ce ba mu da kuɗi, ba mu da lauya, in bar maganar. Daga baya na ji ana cewa mai rumbun yana ba tasharmu talla. Yanzu kuma an yi mini tayin zama mai karanta labaran dare, da ƙarin albashi. Mahaifiyata har kuka ta yi mini, ta ce in karɓa, ba ta son a kawo mata gawata. Wani abokin aikina kuwa cewa ya yi in ajiye aikin, in sayi ɓoyayyiyar kyamara, in shiga rumbun a matsayin mai neman aiki, in saki bidiyon a shafina. Na kasa barci. Idan na karɓi kujerar, ji nake na ci amanar matar nan da burina. Idan na ƙi, na saɓa wa uwata. Ina mafita?

Wata 'yar jarida

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma rashin barcin nan naki bai ba ni mamaki ba. Mutum ya ɗauko amanar wata, ga hawayen uwa, ga burin da ya daɗe yana reno, ai dole ido ya ƙeƙashe. Amma na lura kin ƙulle abubuwa uku wuri guda: maganar magunguna, maganar kujera, da maganar mahaifiya. Shi ya sa kike ganin kamar duk wanda kika ɗauka sai kin zubar da sauran. Bari mu kwance su, mu fara da magungunan, don su ne ke da rayukan mutane a ciki.

Hotuna 6 ɗin nan bakin zare ne kawai, ba su kai labari ba tukuna. Ɗauko ɗaya ki dube shi da idon lauyan mai rumbun. Ga kwali, ga kwanan wata da ya yi kama da an kankare. To, a ina aka ɗauka? Yaushe? Wa ya ce kwalin nan na rumbunsa ne? Wa ya ce bayan an ɗauki hoton ba juji aka kai shi ba? Idan ba ki da amsar waɗannan, ko editanki ya amince, shirin ba zai kai labari a gaban alƙali ba.

Abin daɗin shi ne, irin wannan zargin yana cikin waɗanda ake iya tabbatarwa ba tare da an tsallaka katangar kowa ba. Kowane kwalin magani yana ɗauke da lambar rukunin da aka haɗa shi a ciki, kuma kamfanin da ya haɗa shi ya san ranar da wa'adin wannan rukunin zai ƙare. Ki tambayi matar nan sunayen magungunan da shagunan da ake kai su. Ki je ki saya kamar kowa, ki karɓi rasit, ki ɗauki hoton kwalin a ranar, ki adana shi ba tare da kin buɗe ba, ki rubuta wuri da lokaci a littafi. Sannan ki rubuta wa kamfanin da ya haɗa maganin ki ce: rukuni mai lamba kaza, yaushe wa'adinsa ke ƙarewa? Ranar da amsa ta zo da kwanan wata daban da wanda ke jikin kwalin da ke hannunki, ranar kika samu labari. Daga nan sai neman baki na biyu da na uku waɗanda ba su san juna ba: tsohon ma'aikaci, direban da ke dakon kaya, mai shagon da ya taɓa mayar da kaya. Wannan aikin ba ya cin kuɗi mai yawa. Haƙuri yake ci.

Ita kuma matar, hakkinta a wuyanki ya fi na kowa nauyi. Mutum nawa ne ke shiga ɗakin da ta ɗauki hotunan? Idan su uku ne, ranar da hoton ya fito a talabijin kin nuna ta da yatsa, ko da kin rufe fuskarta kin sauya muryarta. Hoton waya kan zo da bayanan da ido ba ya gani, na irin wayar da lokaci, wani zubin har da wurin da aka tsaya. Kada ki tura wa kowa su yadda suke. Ku koma magana ta manhaja irin Signal mai goge saƙo da kanta, kada ki ajiye sunanta a wayarki, kuma ki gaya mata gaskiya abin da za ki iya yi mata alkawari da wanda ba za ki iya ba. Ki tambaye ta a hankali me ya sa ta zaɓi yin magana yanzu. Ko da haushin albashi ne ya turo ta, wannan bai mayar da maganarta ƙarya ba, amma gara ki ji daga bakinta da ki ji a kotu. Akwai kuma abin da nake so ki riƙe da kyau: idan ya tabbata akwai maganin da ke iya cutar da mai shansa, ba a jiran sai an gama haɗa shiri. Hukumar kula da magunguna tana da ikon janye kaya daga kasuwa, ke ba ki da shi. Ki shawarci lauya kan yadda za a sanar da su ba tare da asirin majiyarki ya tonu ba, ko da hakan zai rage wa labarin armashi.

Yanzu ga shawarar abokin aikinki. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ina roƙonki kada ki bi. A 1992 wasu furodusoshi biyu na tashar ABC ta Amurka sun yi daidai abin da yake ce miki: suka ɓoye gaskiyarsu a takardar neman aiki, aka ɗauke su a kantunan Food Lion, suka ɗauki yadda ake sarrafa nama da ɓoyayyiyar kyamara. Kamfanin ya kai ƙara kan yaudara da shiga wuri ba izini. A 1997 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a biya dala miliyan 5.5. Alƙali ya rage zuwa dala 315,000, sai a 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da diyyar dala 2. Sun tsira, amma bayan shekaru ana fafatawa, da rundunar lauyoyi da aljihun babbar tasha. Ke da za ki shiga bayan kin ajiye aiki, wa zai tsaya miki? Manyan gidajen da ke shigar burtu suna da ƙa'ida: sai an riga an samu hujja mai ƙarfi, sai babu wata hanyar samun gaskiyar, sai edita da lauya sun sa hannu, kuma akwai wani a waje da ke jiran fitowarki a kan lokaci, ya san wanda zai kira in ba ki fito ba. Binciken BBC Africa Eye na 2018 kan maganin tari mai kodin, wanda cikin 'yan kwanaki da fitarsa Najeriya ta sanar da hana haɗawa da shigo da irin maganin, aikin tawaga ne. Wanda Kiki Mordi ta gabatar a 2019 kan malaman jami'a masu lalata da ɗalibai a Legas da Ghana ya ɗauki kusan shekara, kuma ba ita kaɗai ta shiga ofisoshin ba. Mu masu kallo fuska ɗaya muke gani, sai mu ɗauka mutum ɗaya ne ya yi jarunta.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne ainihin damuwarki: kina jin shekaru 4 sun tafi a banza. Ba su tafi ba. Bob Woodward na Amurka, wanda kowane ɗan jarida ya san sunansa, jaridar Washington Post ta gwada shi na mako 2 a 1970 ta ce bai iya ba. Ya tafi wata ƙaramar jaridar mako-mako ya yi shekara, sannan suka ɗauke shi a 1971. A watan Yunin 1972 aka tura shi kotu ya saurari gurfanar da wasu mutum 5 da aka kama sun fasa ofis, irin aikin da ake ba ƙananan ma'aikata ranar Asabar. Daga wannan zaman kotun ne shi da Carl Bernstein suka ja zaren badaƙalar Watergate, wato sunan ginin da aka fasa ofishin a ciki, har shugaban Amurka Nixon ya sauka a watan Agustan 1974. Taron manema labaran da kike raina, can ake sanin wane jami'i ne ke gumi in an taɓo wata tambaya, wane sakatare ne ke son magana in an kashe kyamara. Bikin buɗe ginin kuma yana da kwangila a bayansa, da adadin kuɗi, da sunan kamfani. Ki koma bayan wata 6 ki ga ko rufin na yoyo, ga rahoto na minti 3 wanda ba ya buƙatar izinin kowa.

A talabijin hanyar takan bi ta nan ne. Mutum ya zaɓi fanni ɗaya ya zauna a kai har ya fi kowa a ɗakin labarai saninsa, ke kuwa ga fannin lafiya ya kawo kansa. Ya yi ƙananan rahotanni masu haƙori, ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga wata tawaga a matsayin mai tono bayanai, ya zama furodusa, sannan a ƙarshe ya tsaya gaban kyamara da shirinsa. Shirin 60 Minutes da aka fara a 1968 da Panorama na BBC da ke gudana tun 1953, furodusoshi da masu bincike ne ke shafe watanni suna haƙa kafin mai gabatarwa ya zauna ya yi tambaya. Ki koyi karanta kasafin kuɗi, da rajistar kamfanoni, da takardun kotu. Ki koyi jera alƙaluma a kwamfuta har su yi magana. Ki koyi amfani da dokar 'yancin samun bayanai inda take aiki. Ki zauna kusa da mai haɗa hoto ki ga yadda ake sa takarda busasshiya ta riƙe mai kallo, domin a talabijin gaskiyar da ba a iya nunawa tana wahalar isa. Kuma ki duba abin da aka yi a 2018 da bidiyon nan na sojojin da suka harbe mata biyu da 'ya'yansu a Kamaru. Da farko gwamnati ta ce ƙarya ne. Masu bincike suka daidaita siffar duwatsun da ke bayan hoton da hotunan tauraron ɗan'adam, suka auna inuwa don sanin lokacin shekara, suka gano wurin da mutanen, duk daga kan tebur. A 2020 kotun soji ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara 10. Babu ɓoyayyiyar kyamara ko ɗaya a aikin.

Editanki fa? Kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Rashin kuɗi da rashin lauya gaskiya ne a yawancin tashoshi, kuma in aka kai ƙara sunansa ne a gaba. Maganar talla kin ce ji kika yi ana faɗa. Ma'aunin da za ki auna mai rumbu da shi, shi za ki auna editanki. Abin da kika kai masa a baya hotuna ne da zafin rai. Wannan karon ki koma da takarda shafi ɗaya: ga abin da na tabbatar, ga abin da ya rage, ga mafi ƙarancin labarin da za mu samu ko komai ya ƙi, ga kwanakin da nake buƙata, ga abin da zai ci. Edita ya fi jin wannan yaren. In ya sake ƙi, ki tambaye shi cikin ladabi ko tasha za ta yarda ki yi aikin da haɗin gwiwar wata kafa, kuma ki duba takardar ɗaukarki aiki ki ga me ta ce kan labarin da kika samo a bakin aiki. Haɗin gwiwa ba kasawa ba ce a sana'ar nan. Jaridar Jamus da ta fara samun takardun Panama miliyan 11.5, masu tona yadda manya ke ɓoye dukiya a ƙetare, ba ta riƙe su ita kaɗai ba, ta kai wa ICIJ, ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ƙasa da ƙasa, ɗaruruwan 'yan jarida suka yi aiki a kai kafin a fitar a 2016. Ƙungiyar GIJN, mai haɗa kan 'yan jarida masu bincike a duniya, da aka kafa a 2003 tana da jagorori kyauta a intanet, kuma akwai cibiyoyi irin su Pulitzer Center da ke ba da tallafin bincike. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi ma mai rumbun yana da hakki, ko da ranki ba ya so. Wataƙila shi ne ya ba da umarni, wataƙila wani manaja ne ke yi a bayan idonsa. Kafin komai ya fita, sai an rubuta masa zarge-zargen dalla-dalla, an ba shi isasshen lokaci ya amsa, an kuma sa amsarsa a shirin yadda ya faɗe ta. Ina nanata wannan ne don na taɓa ƙonewa. A farkon aikina, a wata tasha, na fitar da zargi kan wani ma'aji da baki ɗaya kacal, don ina gudun wata kafa ta riga ni. Bayan kwana biyu ya zo ofishinmu riƙe da fayil, hannunsa na rawa, ya buɗe mini takardar da ta nuna an canja masa wurin aiki wata 5 kafin kuɗin su ɓata. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi 'yarsa ta daina zuwa makaranta saboda gori. Mun ba da haƙuri a tasharmu, amma waɗanda suka ji zargin sun ninka waɗanda suka ji gyaran. Har yau in zan sa hannu a kan labari sai fayil ɗin nan ya faɗo mini. Manya ma ba su tsira ba. A 2004 takardun da ba a tantance ba kan aikin sojan shugaba Bush suka girgiza tashar CBS ta Amurka, babban mai karanta labaranta Dan Rather ya bar kujerar labaran dare a shekarar da ta biyo. Takardun banki na bogi da aka yi amfani da su wajen samun hira da Gimbiya Diana a 1995 kuwa sun dawo sun kunyata BBC a 2021, bayan shekara 26.

To, kujerar. Ƙarin albashi ba abin kunya ba ne, kuma karanta labarai aiki ne mai daraja. Amma ki sani tana rufe ƙofa ɗaya ta buɗe wata. Fuskar da ake gani kowane dare ba ta ƙara yin shigar burtu. Dalilin ke nan Anas Aremeyaw Anas, ɗan jarida mai bincike na Ghana, yake rufe tasa da labulen duwatsun ado duk inda zai bayyana. A ɗaya ɓangaren, mai kwarmata bayani yakan nemi fuskar da ya saba da ita ya yarda da ita, kuma babban jami'i yana jin nauyin guje wa tambayar wadda jama'a suka sani. Haɗarin kujerar na gaske shi ne ta haɗiye ki: kwalliya, gwaji, karanta labarai, gida, gobe a sake, sai ki farga shekara 5 ba ki taka waje da makirfo ba. Ra'ayina shi ne ki karɓa, amma da sharaɗi a rubuce. Kwana 2 a mako na aikin fili, da gurbi na minti 5 sau ɗaya a wata don rahotonki na bincike, a sake duba tsarin bayan wata 6. Yanzu da suke nemanki ne kike da bakin magana, in kin riga kin zauna ya wuce. Idan suka ƙi sharaɗin gaba ɗaya, kina da hanya biyu: ki zauna a matsayinki na yanzu kina gina fanninki, ko ki karɓi kujerar na shekara ɗaya kina tara kuɗi da horo kina neman gurbi a wata tawaga. Wadda ban yarda da ita ba ita ce ajiye aiki babu wani a hannu.

Na bar mahaifiyarki ƙarshe ne don ita ce ba a yi wa dabara. Tsoronta yana da tushe, kada ki ce mata babu komai. An harbe Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin Anas, a Accra a watan Janairun 2019, bayan an nuna hotonsa a talabijin. An kashe 'yar jarida Daphne Caruana Galizia da bam a mota a Malta a 2017. Kuma yawancin waɗanda ake kashewa 'yan gida ne masu aiki a inda kowa ya san ƙofarsu. Abin da 'yan jarida suka koya daga wannan baƙin ciki shi ne kada labari ya zauna a hannun mutum ɗaya. Da aka kashe ɗan jarida Don Bolles a jihar Arizona ta Amurka a 1976, abokan sana'a daga kafafe da dama suka taru suka ci gaba da bincikensa, kuma irin wannan tunanin ne ya haifar da Forbidden Stories a 2017, ƙungiyar da ke ci gaba da binciken 'yan jaridar da aka kashe ko aka rufe wa baki. Idan mai laifi ya san kwafin hujja yana wuri uku, taɓa ki ba ya amfana masa komai. Ki zauna da mahaifiyarki a lokacin da hankalinta ke kwance. Kada ki ba ta bayanin rumbun, don rashin sanin kariya ce gare ta. Ki yi mata alkawuran da za ki iya cikawa: ba za ki shiga ko'ina a ɓoye ba, ba za ki je ganawa ke kaɗai ba, kullum akwai wanda ya san inda kike, kuma babu abin da zai fita sai lauya ya gani. Ki gaya mata kin karɓi shawararta kan kujerar, ki nemi albarkarta kan sauran. Uwa takan sassauta in ta ga 'yarta ba da ka take tafiya ba. In kuma ba ta sassauta a zama ɗaya ba, ki ba ta lokaci, ki bar ta ta ga watanni sun wuce kina dawowa gida lafiya.

A wannan makon abu biyu nake so ki yi. Ki nemi matar nan ki gaya mata ba ki manta da ita ba, ki karɓi sunayen magungunan da shagunan. Sannan ki rubuta sharuɗɗanki ki kai wa shugabanninki kafin su gaji da jira. Idan amsar kamfanin ta zo, ki sake rubuto mini mu duba ta tare. Allah Ya tsare ki, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarki.